Shekarar gida daga kaka take farawa

Duk wanda ya taɓa riƙe gida ya san irin daren nan. Yara sun yi barci, an ɗauke wuta, mutum na kwance idonsa biyu yana ta lissafi a zuci: albashi ya shigo ran ashirin da takwas, yau goma sha biyu ga wata, ina kuɗin nan suka shige? A irin wannan dare ake ɗaura niyya. Bana an daina cin bashi a shagon unguwa. Bana za a haɗa kuɗin haya tun mai gidan bai aiko ba. Bana ba anko, ba sabuwar waya. Wani a Janairu yake ɗaura tasa, wani a Muharram, wani kuma ranar da ya gama biyan bashin ragon layya. Kafin a yi wata uku sai ka tarar niyyar ta bi ruwa, mai ita ya koma zargin kansa da rashin ƙarfin zuciya.

Ni ban yarda raunin zuciya ne ke kashe yawancin irin wannan niyya ba. Waɗanda nake gani suna ɗaura ta malaman makaranta ne, da ƙananan ma'aikata, da teloli, da masu tireda, da matan da ke sana'a a cikin gida, mutanen da ba wanda zai koya musu haƙuri. Abin da ke kayar da su shi ne an gina niyyar a kan ma'aunin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, an fara ta a watan da ba shi ne farkon shekarar gida ba, kuma mutum ɗaya ne ya ƙulla ta a ransa alhali mutum takwas ne za su rayu a cikinta.

Harshenmu bai rasa sunan abin da ake nema ba, har ma ya rarrabe shi daki-daki. Tsimi shi ne ka ja abin da ke hannunka ya kai ka inda kake so. Tanadi shi ne ka hango buƙata tun tana nesa ka yi mata shiri. Tattali kuwa kula ne da abu don kada ya lalace, shi ya sa ake tattalin miji, ake tattalin tufa, ake tattalin lafiya. Da masana suka zo neman sunan da za su ba ilimin dukiyar ƙasa a Hausa, ba su je ko'ina ba, cikin gida suka shiga suka ɗauko "tsimi da tanadi" da "tattalin arziki". A ɗaya gefen kuma akwai rowa, da maƙo, da tsumulmula, waɗanda ba mai son a jingina masa. Tsoron a kira mutum marowaci ya hana gidaje da yawa yin tsimin da zai rufa musu asiri, kuma zan dawo kan wannan, domin a nan ne maganar ta fi nauyi.

Mu fara da ma'auni. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a Yunin 2024, ta kayayyaki baki ɗaya kuma kashi 34.8 a Disambar shekarar. Ma'anar wannan a cikin gida mai sauƙi ce. Matar da ta jefa naira dubu ɗari a asusu ta haƙura da ita shekara guda, ranar da ta fasa, abin da kuɗin za su saya bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da za su saya ranar da ta ajiye ba. Ta cika alkawarin da ta yi wa kanta tsaf, amma ta yi asara. Wanda ya ce "bana zan tara dubu ɗari biyar" ya faɗi adadin takarda ne, bai faɗi buhu nawa, zango nawa na makaranta, ko wata nawa na haya za su ɗauke masa ba.

Kakanninmu ba da kuɗi suke auna shekara ba. Da dami suke aunawa, da rumbu. Maigida ya san dami nawa na gero da dawa gidansa ke ci daga kaka zuwa kaka, ya san wane rumbu ake buɗewa da farko, wane ne ba a taɓawa sai damina ta yi nisa. Wannan lissafin bai tsufa ba, mu ne muka bar shi da muka shigo birni muka koma sayen awo kullum. A kasuwannin Kano buhun hatsi tiya arba'in ne. A ɗauka, a misali, gida na cin tiya ɗaya a rana tsakanin tuwon dare da kokon safe: buhu tara da 'yan tiyoyi ke nan a shekara. Wanda ya san wannan adadi na gidansa ya samu niyyar da hauhawar farashi ba ta iya goge ta. Ba zai ce zai tara kaza ba, zai ce "bana buhu huɗu na masara da biyu na dawa za su shiga ɗakin ajiya kafin sanyi ya fita, sauran uku na bi su a hankali." Ana iya ganin wannan da ido, ana iya taɓa shi da hannu, yaro ma zai iya ƙirgawa.

Abin mamaki shi ne magidanta da yawa ba su san wannan adadi ba. Sun san kuɗin cefanen da suke ajiyewa da safe, ba su san kwana nawa galan ɗin mai yake yi ba, ko sinƙin sabulu, ko tukunyar gas. Uwargida ta sani, sai dai ba a tambaye ta ba. Don haka aikin watan farko ba ragewa ba ne, aunawa ne. A samu littafi irin na 'yan makaranta, a rubuta ranar da aka buɗe buhu da ranar da ya ƙare, ranar da aka cika gas da ranar da wuta ta mutu ana tsakiyar girki. Wanda ya fara yanke kashe kuɗi bai auna ba, a inda ya fi gani zai yanka, ba a inda ya fi zuba ba.

Daga nan sai maganar lokaci. Janairu ba farkon komai ba ne a gidan Bahaushe in ban da zangon makaranta na biyu. Shekarar tukunya daga kaka take farawa. Gero ke riga shigowa tun ƙarshen damina, masara da wake su biyo baya, dawa ta rufe a Nuwamba da Disamba. A wannan tsakanin manomi na buƙatar kuɗi don biyan bashin taki da aurar da 'ya'ya, kaya na kwarara Dawanau da kasuwannin Giwa, Saminaka, Ɗandume da Maigatari, farashi yana ƙasa. Daga bazara sai ya fara hawa, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Wanda ya ɗaura niyyar tsimi a Janairu ya makara da wata biyu ko uku. Wanda yake son sayen hatsi a Nuwamba kuwa tun Yuli ya kamata ya fara ware kuɗin, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai dole a faɗi gaskiya, ƙa'idar nan ba ta zama wahayi ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, da shinkafa, da alkama, da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi a kasuwannin Arewa da dama sauka ya yi maimakon hawa, waɗanda suka zuba jarinsu suka kimshe kaya don jiran tsada suka ji jiki. Darasin da na ɗauka a nan shi ne bambancin mai saye don ci da mai saye don ɓoyo. Wanda ya sayi abincin gidansa na wata shida, ko farashi ya faɗi, tuwonsa zai ci, abin da ya rasa kaɗan ne, kuma ya sayi kwanciyar hankali. Wanda ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin haya ya tara buhu hamsin don riba, kasuwanci ya shiga, kasuwanci kuwa yana da ranar kuka. Niyyar gida ta tsaya a kan abin da gida zai ci.

Saye ma rabin aiki ne, rabin na ajiya ne. Wake shi ne ya fi ba da wahala, in aka bar shi a buhu haka kawai, kafin wata uku ƙwaro ya mai da shi gari. Abin da wasu ke yi na zuba masa maganin feshi guba ce ake kai wa tukunya, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Akwai hanya mai tsabta. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar bayan binciken da aka faro a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A ɗaure kowace da kyau, iska ta daina shiga, ƙwaron ya mutu da kansa. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa gam ma haka yake aiki, muddin hatsin ya bushe sosai kuma an cika shi har baki. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙaramin ilimi ne, amma shi ke raba wanda ya yi tanadi da wanda ya ciyar da ɓera.

Kayan miya nasu lokacin daban ne. Da rani, sa'ad da tumatirin Kadawa da Kura ke cika kasuwar Kwanar Gafan har wani yana ruɓewa a kwando, a lokacin ake yanka shi a shanya a yi kauɗa, a busar da tattasai da attarugu. Kuɓewa, da kuka, da karkashi, da zogale duk suna jure ajiya. Matar da ta yi wannan a Fabrairu ba za ta tsaya tana jayayya da mai kayan miya a Yuli kan tumatir huɗu ba.

Za a ce, to wanda ba ya da kuɗin buhu fa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta ta daɗe a hannun mata. Adashi shi ne bankin da ya riga kowane banki zuwa unguwa. Amma adashi a zamanin da kuɗi ke narkewa yana son dabara: mai kwasar ƙarshe ta fi kowa cutuwa, don haka gajeren zagaye ya fi dogo, kuma ya kamata tun ranar da aka zauna da uwar adashi kowa ta faɗi abin da take nufi da kwasarta, a jera sunaye yadda mai son hatsi za ta ɗauka a kaka, mai kuɗin makaranta a Satumba, mai haya a watan hayarta. Maƙwabta huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba tiya goma-goma a farashin sari. A jihar Maraɗi ta Nijar, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara aiki da ƙungiyoyin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara: mata su taru duk mako su yi zubi, su ranta wa juna daga ciki, in zagaye ya cika, wata tara zuwa shekara, a fasa a raba. Tsarin ya bar Maraɗi ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, har aka san shi da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne abin da niyyar tsakar dare ta rasa: ranar farawa, ranar gamawa, da idon mutane.

Akwai kuma asusu mai ƙafa huɗu. Ɗan rago ko tunkiyar da aka saya bayan sallah, lokacin da kasuwar dabbobi ta yi sanyi, aka turke a gida da dusa da harawa da ragowar abinci, kuɗi ne da ke tafiya tare da farashi maimakon su tsaya a bayansa. Yana da haɗarinsa, akwai ciwo, akwai ɓarawo, abincin dabba ma ba kyauta ba ne. Duk da haka ya fi waccan hanyar da ke yi wa mutum alkawarin ninka masa kuɗi a wata guda. An ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, an sake gani da CBEX a Afrilun 2025, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai masu kuɗin haya da na kayan ɗakin 'ya'ya. Gidan da ya sa "ba za mu saka ko sisi a abin da ba mu gane yadda yake samun riba ba" cikin niyyarsa ta shekara ya yi babban tsimi ko da bai rage ko cokalin sukari ba.

Gidan Musulmi kalanda biyu yake bi, kuma ba sa tafiya tare. Haya, da makaranta, da kaka suna bin rana. Azumi da sallah suna bin wata, suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. A 2024 an ɗauki azumi a Najeriya ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris. Layya ta faɗo 16 ga Yuni a 2024, ta dawo 6 ga Yuni a 2025. Wato kowace shekara da yadda buƙatu ke cin karo da juna. Wata shekarar kayan sallah da kuɗin zango na uku a mako ɗaya za su ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke zuwa ba zato, amma kullum sai a karɓe su kamar baƙon dare. Takarda ɗaya ta isa: a jera watanni goma sha biyu daga kaka zuwa kaka, a sa kowace babbar hidima a gurbinta, a dubi inda suka cunkushe. Geron kunu da sukarin azumi a saye su tun Rajab bai kama ba. Yadin sallar yara a kai wa tela tun ba a fara layi ba.

Wani zai ce wannan duk rashin tawakkali ne, bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Gaskiya ne Allah ke ciyarwa. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalansa abincin shekara guda. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi kuma, da suka zo bayanin wanda layya ta hau kansa, cewa suka yi shi ne wanda ba zai buƙaci kuɗin dabbar ba a cikin larurorinsa na shekarar. Su ma da shekara suka auna. Mutumin da ya ci bashi ya sayi rago mai ƙaho don kada yaran maƙwabta su yi wa nasa gori, ba addini ne ya ɗora masa ba.

Mun iso inda na ce zan dawo. In aka buɗe littafin gida aka duba da gaskiya, ramin da ya fi zurfi ba a tukunya yake ba, a bakin mutane yake. "Me za a ce?" ta fi kowane ɗan kasuwa cin kuɗin Bahaushe. Mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne, amma a kewaye da shi mun gina katanga: akwatunan lefe da ake ƙirgawa a gaban dangi, kayan ɗakin da uba ke sayar da fili ko gona saboda su, gara, kamu, dina, anko kala biyu ko uku a biki ɗaya. Har ta kai gwamnati ke shiga tsakani, kamar auren gatan da aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 a Kano a Oktoban 2023, domin akwai dubban mutanen da ba abin da ya hana su aure sai tsadar abin da ba shi ne auren ba. Uwa ta yi wata goma tana tsimin man gyaɗa da cokali, biki ɗaya ya kwashe abin da ta tara ya bar ta da bashin dillaliya. Duk niyyar da ba ta taɓa wannan ɓangaren ba, shara ce aka yi a tsakar gida aka bar ƙofa buɗe ga guguwa.

Amma a nan ne kuma nake rabuwa da masu cewa kowa ya ja ƙofarsa ya kula da kansa. Gudummawar biki, da kayan barka, da abin da ake miƙawa a gidan rasuwa, da kwanon ciyayya da ke tsallaka katanga da magariba, ba almubazzaranci ba ne. Su ne inshorar da muke da ita tun kafin a kawo ta kamfani. Wadda ta kai wa ƙawarta a bikin 'yarta ta san ranar nata za a rama mata. Wanda ya yanke wannan igiya da sunan tsimi, ranar da ciwo ya kwantar da shi zai gane abin da ya sayar. Aikin shi ne a raba zumunci da gasa. Zuwa biki zumunci ne, anko na uku gasa ce. Kai gudummawa daidai ƙarfi zumunci ne, cin bashi don a kece raini gasa ce. Gida na iya yanke wa kansa cewa bana anko biyu kawai za a yi, na ɗan'uwa na jini, sauran a je da abin da ke cikin akwati, a wanke a goge. Na ga matan da suka yi haka, kuma abin da suka fi faɗa shi ne kunyar ta ranar farko ce, daga baya sai wasu su matso su ce da ma sun daɗe suna jiran wadda za ta fara.

Wa ke ɗaukar nauyin tsimin? A gidaje da yawa, in maigida ya ce "a yi tsimi", nufinsa kuɗin cefane su tsaya inda suke tun bara, uwargida ta san yadda za ta yi. Shi kuwa shayin majalisa na nan, tsiren dare na nan, katin waya da data na nan, wani ma har da kuɗin cacar ƙwallo da ba ya son a ambata. Wannan ba tsimi ba ne, zalunci ne da aka sa wa riga. Haka ita ma, in tana karɓar atamfa da kwanuka na biya-sannu a ɓoye, ta huda jirgin da take ciki. Zaman shekara na mutum biyu ne, ko uku, ko huɗu in gidan na da mata fiye da ɗaya, kuma a nan adalci ya zama dole, kada ranar girkin wata ta zama ranar tsimi ta wata ta zama ranar nama. Magana ce da ake yi cikin mutunci. Ta ce, "Malam, buhun nan kwana talatin da takwas ya yi mana, ga ranar da na buɗe." Ya ce, "To, ni ma ga abin da ke fita ta hannuna, duba ki gani." Ranar da maigida ya fara ajiye nasa lissafin a faifai kafin ya nemi nata, ranar niyyar ta samu ƙafa. A kuma tuna, abin da mace ta samu a sana'arta nata ne a shari'a. In ta sa a gida alheri ta yi, a gode mata, kada a rubuta shi cikin lissafi kamar haraji.

Akwai wuraren da wuƙar tsimi bai kamata ta kai ba. Cikin yaro shi ne na farko. A rage lemon kwalba, da taliyar leda, da biskit, a koma ɗanwake, da fate, da dambu, da tuwon dawa, wannan ci gaba ne ba koma baya ba. Amma wake, da ƙuli-ƙuli, da awara, da ganye, da ɗan manja, su ne naman talaka, in aka janye su aka bar yaro da tsurar tuwo, abin da aka yi tsiminsa a kasuwa a asibiti za a biya shi, wani ma ba ya biyuwa. Magani na biyu. Kowa ya san zazzaɓin cizon sauro da damina yake zuwa, don haka gidan sauro da ɗan abin da aka ware na asibiti suna cikin lissafin shekara kamar yadda gero yake ciki. Karatun 'ya mace na uku, domin shi ake fara sadaukarwa in abu ya yi tsanani, kuma shi ne asarar da ba a gani sai bayan shekara goma. Wuta da makamashi kuwa a nan akwai abin ragewa ba tare da an cuci kowa ba: jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, murhu mai tsimin gawayi, haɗa guga rana ɗaya, musamman ga waɗanda ke rukunin farko na masu shan lantarki, inda a Afrilun 2024 kuɗin ma'auni ɗaya ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225.

Ba zan rufe ido ga iyakar wannan magana ba. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 a Najeriya na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, a ƙarshen shekarar kuwa buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin wannan albashi. Waɗanda suka fito tituna a Kano da Kaduna a farkon Agustan 2024 suna kukan yunwa ba rashin iya lissafi ne ya fito da su ba. Mai hannu baka hannu ƙwarya, wanda sai ya fita ya samo za a ɗora tukunya, ya riga kowa iya tsimi, yi masa wa'azinsa cin fuska ne. Tsimin gida ba ya maye gurbin tsaron da zai bar manomi ya je gona, ko albashin da zai kai ƙarshen wata. Wanda Allah Ya hore wa buhu shida a ɗaki kuwa, cikin lissafinsa na shekara akwai kason da ba nasa ba: zakkar hatsi in manomi ne da ya kai nisabi, ɗaya cikin goma a noman damina, ɗaya cikin ashirin a na ban-ruwa da aka sha wahalarsa, da zakkar kono a ƙarshen azumi, da maƙwabcin da aka lura hayaƙi bai tashi a gidansa ba yau. Tsimin da ya sa aka daina miƙa kwano ta katanga ya riga ya canza suna.

Niyya goma ba ta rayuwa. Biyu ko uku sun isa shekara, kuma kowace ta zama mai amsa e ko a'a: hatsin wata shida ya shiga ɗaki kafin ƙarshen Disamba ko bai shiga ba, an kai azumi ba bashin mai shago ko ba a kai ba, anko ya tsaya a biyu ko ya wuce. Za a yi tuntuɓe. Haihuwa za ta zo da tiyata, baƙi za su sauka daga ƙauye su yi wata, babur zai lalace. In haka ta faru ba a yaga littafin, a rubuta abin da ya faru a gefen shafi, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ranar da aka kakkaɓe buhun ƙarshe, uwargida ta rubuta kwanan watan a bangon ɗakin ajiya da gawayi. In a Mayu ya ƙare bana, an san baɗi ana neman ƙarin buhu biyu don a kai Agusta, kuma an san tun wane wata za a fara zubin da zai sayo su.